In za ki Koriya neman gyaran fata da sayen kayan kwalliya, ga yadda za ki yi tun daga Maradi har ki dawo

Tun da na dawo daga Seul, babban birnin Koriya ta Kudu, wayata ba ta huta ba, wagga ta kira wagga ta turo murya, kuma kusan duka tambayar guda ce, Tanti wane mai ne kika kawo mai sa hasken nan irin na 'yan Koriya? Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, wadda ke da niyyar tahiya ko mai aika saƙo gun wani ta karanta. Ni ƙaramar butik gare ni ta kayan shafe-shafe, na bi Alhaji ne da ya je Incheon harkar motoci da kayan gyaransu, don can ne tashar ruwan da ake lodin mafi yawan motocin hannu na ƙasar, sati biyu muka yi, shi yana gun motoci ni ina cikin shaguna da asibitocin fata.

Abu na farko da nike so ki sa a ranki tun kahin ki sayi tike, mutanen can sun ƙware ƙwarai a gyaran fata, wannan ba gardama, amma kayansu da injinansu sun yi su ne bisa fatarsu da iskar ƙasarsu, ƙasar da ƙanƙara ke zuba cikin sanyi. Ke ko baƙar mace ce wadda za ta komo garin da zahi ke wuce 40 a watan Afrilu da Mayu, ga ƙurar hunturu. In kin riƙe wannan, rabin asarar da mata ke yi ta wuce ki. Kuma don Allah ki cire zancen fari daga lissahi, abin da za ki samo can shi ne fata mai laushi, ƙuraje su kwanta, tabo ya dusashe, kalarki ta daidaita daga goshi zuwa wuya. Wanda ya ce miki akwai man Koriya mai maida baƙa fara cikin sati biyu, wani abu ya zuba cikin kwalbar.

Zancen hanya ba zan daɗe ba. Biza dole ce, ki gama da ita tun da wuri. Daga Yamai ana bi ta Addis Ababa da Ethiopian ko ta Istanbul da Turkish a sauka Incheon, daga nan akwai jirgin ƙasa mai suna AREX da ke kai ki tashar Seul, mai saurin bai cika awa guda ba. Ki sayi kart ɗin T-money a ƙananan shagunan da ke ko'ina, da shi ake shiga metro da bis. A wayarki ki sa Naver Map don Google Maps ba ya nuna hanyar ƙasa da kyau a can, sannan ki sa Papago, wannan shi ne abokin tahiyarki na gaske, kina ɗora kyamara bisa kwali zai fassara miki rubutun zuwa Faransanci ko Turanci. Akwai kuma lamba 1330 ta taimakon baƙi in kin rikice. Kuɗinsu won ne, lokacin da muka je won 10,000 na kamawa jikka huɗu da ɗan wani abu, amma ki sake dubawa ranar tahiyarki don yana hawa yana sauka. Masallacin Juma'a na Seul yana Itaewon, tun 1976 aka buɗe shi, kuma kewayensa ne za ki samu abincin halal ba wahala.

To mu zo ga asibiti, nan ne nike so in daɗe don nan ne ake cutuwa.

Unguwannin Gangnam da Sinsa da Apgujeong, da ma Myeongdong da Hongdae, za ki ga bene guda kowane etaji asibitin fata ne. Baƙi na tururuwa, a 2024 kaɗai sama da mutum miliyan 1.1 suka shiga ƙasar neman magani kuma fiye da rabinsu gun fata suka je, amma galibinsu 'yan Japan ne da Sin da Taiwan da Amurka, wato likitan da za ki tarar yana iya yin wata da watanni bai taɓa fata irin taki ba. Kuma ba kowane mai allon fata ne ƙwararren likitan fata ba. Ga yadda ake ganewa, in allon ya ce 피부과 의원 manne da sunan gurin, mai shi ya yi karatun ƙwarewa a fata, in ko an rubuta 의원 sannan can gehe da ƙananan baƙaƙe 진료과목 피부과, to likita ne na gaba ɗaya da ke taɓa aikin fata. Ki ɗauki hoton waɗannan kalmomi ki aje a waya. Ki tambaya kuma ko gurin na da rajistar karɓar marasa lahiya baƙi daga ma'aikatar lahiyarsu, masu ita suna manna takardar a bango. In kina son mace ta duba ki, ki faɗa tun lokacin ɗaukar randebu, kalmar ita ce 여의사, kuma ki ce musu kina sa hijabi, ni inda na je sun ba ni ɗaki ni kaɗai ba tare da wani dogon bayani ba.

Kina shiga ba likita za ki fara gani ba, wata mata ce mai kyakkyawar huska da takarda a hannu, aikinta ta saida miki kunshin ayyuka, lazer kaza da allura kaza in kin haɗa uku a rage miki. A wani guri da na fara shiga haka ta yi ta matsa mini in yi IPL a ranar, wai akwai ragi da zai ƙare da yamma, na ce ina son ganin likita tukun ta ce sai na biya. Na tashi na hita, kuma har yanzu abin na ci mini rai don na san wata 'yar uwa da ba ta sani ba za ta zauna ta biya. IPL haske ne mai faɗi da ke bin duhu, a farar fata yana kama tabon ya bar sauran, a fatarmu ko duka huskar duhu ce gare shi, sai ya ƙona, ƙunar ta warke ta bar baƙin tabo da ke ɗaukar watanni ko ta bar fari-fari kamar kyasbi. Duk gurin da suka hana ki ganin likita kahin biya, kama gabanki.

In kin zauna da likitan ga abin da za ki tambaya, ki rubuta su a Papago tun daga otel. Ya taɓa yi wa baƙar fata wannan aikin, akwai hotuna? Likitoci na kasa fata kashi shida da ma'aunin Fitzpatrick, mu muna 5 ko 6, ki faɗi lambar da bakinki ki ga yadda zai amsa. Wane inji zai sa, kuma nawa ne tsawon haskensa? Wanda aka fi amincewa da shi ga baƙar fata shi ne lazer Nd:YAG mai tsawon haske 1064, don yana wuce saman fata bai cika kama duhunta ba, shi ma sai an rage ƙarhi. Sannan ki roƙi gwaji a ɗan guri ƙarƙashin haɓa ko bayan kunne, a jira kwana biyu uku a gani. Saboda wannan ne nike cewa ki je asibiti a kwanakin farko na tahiyarki, kar ki bari sai gobe jirgi, in wani abu ya taso kina Maradi wa za ki kama?

Ke ma akwai gaskiyar da ya wajaba ki faɗa mishi, ko da kunya. In kina shafa man bilicin ko kin taɓa shafawa, irin haɗin da ake saidawa cikin robobi ba suna, ko tub ɗin nan masu steroyid irin clobetasol da betamethasone, ko mai hydroquinone, ki faɗa, ki ma ɗauki hoton kwalin ki nuna. Masu steroyid ɗin suna sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su hito, rauni ya ƙi warkewa, lazer bisa irin wagga fata ɓarna ce. Kuma mai steroyid ba a yanke shi dare ɗaya don huska na iya tashi da ƙuraje da ƙaiƙayi, ki ga likita nan gida watanni kahin tahiya ya nuna miki yadda za ki janye a hankali. In jikinki na yin tabo mai kumburi, irin wanda ke hitowa bayan hujin kunne ko tiyata, ki faɗa. In kina da ciki ko kina shayarwa, ki faɗa tun a ƙohwa.

Ni abin da na yi mai sauƙi ne, wankin huska na inji da suke kira akwa pil, yana zuƙe dattin ramukan fata yana zuba ruwan laushi, sai LDM wanda ke aiki da sauti, ba zahi ba ƙuna, aka rufe da mas mai sanyi, wato abin da ake lulluɓe huska da shi. Awa guda da ɗan kai na hito huska sumul, ba ta canza kala ba kuma dama ban je don haka ba. Allurar Rejuran da ake ta yayi, daga kihin salmon ake ciro sinadarinta, ana tsira ta ɗigo-ɗigo a huska duka, tana da zahi kuma huska na yin ƙulle-ƙulle kwana ɗaya biyu, sannan sai an maimaita sau da yawa kahin a ga amfaninta, to wadda za ta yi sati biyu ta tahi ban ga dalilin zuba kuɗinta nan ba. Farashin da ke allon talla ki duba ko akwai 별도 kusa da VAT, ma'anarsa harajin kashi 10 cikin 100 bai ciki, za a ɗora miki a kes. Kahin ki hita ki karɓi takarda mai sunan aikin da sunan injin da abin da aka tsira miki, ranar da likitan gida zai tambaya kina da abin nunawa.

Gidan wankansu da ake kira jimjilbang za a yi ta ba ki labarinsa saboda dirzar jiki, ki sani sashen wankan mata daban maza daban amma tsirara ake shiga gaba ɗaya. Ni ban shiga ba. Safar dirzar da suke amfani da ita ana saida ta da arha, ki sayo ki haɗa da dilkarki a gida.

Yanzu kasuwa. Olive Young shi ne babban shagon kayan kwalliya, kusan kowace unguwa akwai, na Myeongdong babba ne kuma ma'aikatansa sun saba da baƙi. Suna yin babban ragi sau huɗu a shekara, wajen farkon Maris da Yuni da Satumba da Disamba, in tahiyarki ta dace da ɗaya kin ci riba. 1+1 na nuhin ki sayi ɗaya a ba ki ɗaya. Daiso kuma ba abin da ya wuce won 5,000 a ciki, akwai ƙananan kwalabe masu kyau na gwaji. Masu tsayawa bakin titi a Myeongdong suna miƙa miki mas kyauta suna jan ki ciki, ki yi murmushi ki wuce, a irin shagunan ne ake cusa wa baƙo kunshi mai tsada ko kayan da suka kusa lalacewa.

Paspor ɗinki kullum cikin sak, na ainihi ba hoto ba. In sayayyarki ta kai won 15,000 a shagon da ke da alamar maida haraji, ana cire miki harajin nan take a kes, iyaka kowace sayayya kar ta wuce won miliyan 1, jimilla kuma miliyan 5 a tahiyar. In shagon ba ya cirewa nan take zai ba ki resi na musamman ki kai injinan da ke ayropor, ki je da wuri kuma kar ki buɗe kayan ko ki tura baliz kahin ki gama da su, don duwan na iya cewa a nuna.

Karanta kwali kuwa dole ne. Suna fara rubuta shekara, sai wata, sai rana, in kin ga 2027.03.15 to 15 ga Maris 2027 ke nan. In 까지 ya biyo bayan lambar, ranar ƙarewa ce, in ko 제조 ne, ranar da aka yi shi ce, mata da yawa na rikita biyun su zubar da mai kyau ko su riƙe wanda ya mutu. Hoton ɗan gwangwani buɗe mai 6M ko 12M yana gaya miki watanni nawa zai yi bayan kin buɗe. Kalmar 미백 za a fassara miki da farar da fata, kar ranki ya tashi kuma kar ki tsorata, galibi niacinamide ne ko arbutin a ciki, suna rage tabo da duhun rana a hankali cikin watanni, hydroquinone ko dokarsu ta hana sa shi cikin kayan kwalliya. Mu musulmi akwai ƙarin dubawa, wasu kayan kolajin da na mahaifa daga alade ake yin su, 돼지 shi ne alade, 돈태반 mahaifar alade, akwai kuma na man doki. In kwalin ya ce kolajin bai faɗi daga ina ba, ki aje ki ɗauki mai alamar 비건, wato ba kayan dabba a ciki. Ruwan yauƙin katantanwa na COSRX da ake so, sunansa ne aikinsa, daga jikin dodon koɗi ake tatsa, wadda ranta bai kwanta ba ta tambayi malaminta kahin ta saya.

Me za ki saya? In kuɗinki abu guda za su iya, ki sayi man kare rana, nan ne Koriya ta yi zarra. Ki nemi SPF50+ da PA++++, amma ki gwada a bayan hannu ki hita waje ki duba da hasken rana, don masu zinc oxide da titanium dioxide suna barin huskarmu toka-toka kamar an shafa alli. Na Beauty of Joseon mai shinkafa da na Round Lab sun shige fatata ba su bar fari ba. Duk abin da aka rubuta tone up a jikinsa ki bar musu, farin fenti ne da ke zama saman fata. Hoda da fondeshan ma haka, lambobinsu na gargajiya 17 da 21 da 23 ne, mahi duhun ciki bai kai ko kusa da mu ba, kamfanin TirTir ne ya faɗaɗa nashi zuwa kala 40 a 2024 bayan baƙaƙen mata sun yi ta magana, duk da haka ba kowane shago ke aje masu duhun ba, to hodarki ki taho da ita daga gida. Bayan man rana sai sabulun huska mai laushi wanda ba ya sa fata ta yi tauri, da man wanke kwalliya in kina yawan shafa hoda, da ruwan niacinamide don tabon ƙuraje, da krem mai centella da suke kira sika ko mai ceramide, wannan na ƙarshe ita ce maganin wadda ta bar bilicin fatarta na raɗaɗi. Zancen mataki goma kowane dare talla ce, wanki da laushi da kare rana sun wadatar, in kin ƙara abu guda don tabo shi ke nan. Gangar jiki kuma man kaɗanya na gida bai da abokin gasa cikin hunturu, kar ki ɓata kilo a kai.

Ki roƙi samfur a kes, suna bayarwa. Wajen ɗaurin kaya duk kwalbar da ta wuce mililita 100 ta shiga baliz ɗin da za a tura, ki naɗe bakinta da sikoci ki sa cikin leda, ki tuna mas masu ruwa suna da nauyi, fakiti goma sun ci miki kilo ba ki ankara ba. In na saidawa kika ɗauko da yawa, ki aje resi duka ki bayyana su a duwan, resin nan kuma shi ne shedarki gun kwastoma don jabun kayan Koriya sun cika kasuwa, kwali iri ɗaya, farashi rabin na Seul. Alhaji ya ce mini, Hajiya ki ɗauki katan-katan mana tunda kin zo, na ce a'a Alhaji bari in ga yadda za su yi da zahinmu tukun, kuma gara da na yi hakan don ruwan shafawa na bitamin C guda biyu da na aje bisa kanta cikin butik ba su yi wata biyu ba suka koma ruwan ƙasa, in ya yi wannan kalar ya tashi aiki.

Ajiya ke nan. Kar ki bar su cikin mota ko bakin taga ko ƙarƙashin kwano da rana. Bitamin C da retinol su ne masu saurin mutuwa, firigo in akwai, in kuran na yawan ɗaukewa ki sa su cikin roba mai murhi ki aje gindin randa inda ƙasa ke da sanyi. Retinol da dare kaɗai, sau biyu a sati da farko, mai ciki kuma ba ta taɓa shi.

In kin iso gida kar ki buɗe duka rana guda don ɗoki. Abu ɗaya, ki gwada bayan kunne kwana biyu, ki shafa sati biyu, sannan ki ƙara na gaba, in ƙuraje sun taso kin san mai laihin. Man rana ki matsa tsawon yatsu biyu don huska da wuya kowace sahiya ko da gida za ki wuni, tsakar gidanmu rana ce, kuma hijabi ba ya rufe kumatu da hanci. Alwala na wanke shi, ni bayan azahar nike sake shafawa in zan hita, shi ya sa tub guda mai mililita 50 ba ya wuce mini wata da 'yan kwanaki, ki lissafa haka wajen saye. Wadda aka yi wa lazer ko kwasar fata ta ƙara da lema ko malafa, ta guji dilka da halawa da kurkum a huska har sai lokacin da likitan ya rubuta mata ya cika. Cikin bazara ki rage krem mai nauyi ki tsaya ga mai ruwa-ruwa, in hunturu ya shigo daga Disamba ki komo ga mai ceramide ɗin, ki shafa shi tun huska na da danshin wanka.